Yadda ake shirya taron hip-hop na unguwa da zai haɗa kan jama'a ya kuma bar kuɗi a gida

Ranar 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta kama ɗakin taro na gidan haya mai lamba 1520 a titin Sedgwick, cikin Bronx a birnin New York, domin ta tara kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Ta rubuta takardun gayyata da hannu, ta sa kuɗin shiga senti 25 ga mata da senti 50 ga maza, sannan yayanta Clive, ɗan asalin Jamaika da duniya ta sani da DJ Kool Herc, ya riƙe kayan kiɗa. Wannan daren ne ake ɗauka a matsayin mafarin hip-hop, kuma duk mai son shirya irin wannan taro a unguwannin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka ya kamata ya lura cewa da niyyar neman halak aka fara shi, a gidan da masu shirya shi suke kwana.

Kafin a yi maganar lasifika, a fara da sulhu. A watan Disamba na 1971 an kashe Cornell Benjamin, wanda ake kira Black Benjie, yana ƙoƙarin raba faɗa tsakanin gungun matasa a kudancin Bronx. Ƙungiyarsa ta Ghetto Brothers, wadda yawancin 'ya'yanta 'yan Puerto Rico ne, ta ƙi ɗaukar fansa, ta kira shugabannin gungun zuwa zaman sulhu a titin Hoe ranar 8 ga wannan wata. Bayan zaman ne yaro ya samu damar tsallakawa zuwa layin da a da ba ya iya takawa. Saboda haka mai shirya taro ya taka da ƙafarsa zuwa wurin duk wanda ake jin maganarsa: mai shagon aski, uwar da ke shugabantar ƙungiyar 'yan haya, fasto, limamin masallaci (a Bronx akwai masallatan da Hausawan Gana da Nijar ke salla a cikinsu), da matasan da kowa ke shakka. Su waɗannan na ƙarshe kada a tsaya a kan gayyatarsu kawai. A ba su aiki, kamar tsaron ƙofa ko ɗaukar kayan sauti, domin wanda aka damƙa wa amanar taro ba ya yarda a ɓata shi a gabansa.

Batun izini ba shi da wuyar fahimta, amma yana da ƙa'idar da ke ba mutane mamaki. A New York ana neman izinin rufe layi ɗaya na yini ɗaya daga ofishin magajin gari mai kula da harkokin titi, aƙalla kwana 60 kafin ranar, kuma izinin kunna lasifika daban ne, ofishin 'yan sandan yankin ke bayar da shi. Irin wannan izini na bikin layi ya hana saye da sayarwa a kan titin. Mafita ita ce a raba taron gida biyu: da rana a yi shi a fili kyauta, yayin da shagunan da ke layin suke cinikinsu a cikin ɗakunansu, da daddare kuma a koma ɗakin taro inda za a karɓi kuɗin shiga. An wuce zamanin da matasa ke jan wuta daga gindin fitilar titi, don haka a tanadi janareta ko a nemi yardar wani mai shago.

Wajen tsara shirin, a tuna cewa al'adar hip-hop tana da rassa huɗu: juya faifai, rera baiti, rawar birek (rawar juyi da alkafura a ƙasa) da zanen bango. Ina ganin babban kuskuren da ake yi shi ne a cika dandamali da mawaƙa a manta da sauran, alhali a rawa da zane ne aka fi ganin hannun 'yan Latin Amurka tun farko, kamar ɗan rawa Crazy Legs na ƙungiyar Rock Steady Crew da mai zane Lee Quiñones. A shimfiɗa leda ko kwali a tsakiyar fili, a bar da'irar a buɗe har yaro ɗan shekara tara ya iya shiga bayan gwani, a kuma samo allunan katako ko bangon da mai shi ya amince a yi zane a kansa. Mai gabatarwa ya riƙa sanarwa da Ingilishi da Sifaniyanci, takardun talla ma haka, domin kakar da ba ta ji an ambaci harshenta ba za ta ɗauka taron ba nata ba ne, ta kuma hana jikokinta fitowa.

Maganar kuɗi ce ta fi buƙatar taurin kai. Duk abin da za a kashe, a fara neman mai yin sa a cikin unguwa: mai buga riguna, mai dafa abinci, mai ba da hayar kujeru, mai ɗaukar hoto. Idan wani kamfani daga waje ya zo da tallafi, a karɓa da sharaɗi a rubuce cewa sunan taron da hotunansa da sautin da aka naɗa mallakar kwamitin unguwa ne. Marigayi Nipsey Hussle, mawaƙin hip-hop na Los Angeles, ya nuna yadda hakan ke aiki. A 2013 ya sayar da kwafi 1,000 na wani faifansa a kan dala 100 kowanne, a 2017 ya buɗe shagon tufafi na Marathon a mahaɗar titunan Crenshaw da Slauson inda ya taso, ya ɗauki mutanen unguwa aiki, har da waɗanda suka fito daga kurkuku, daga baya kuma shi da abokin kasuwancinsa suka saye rukunin shagunan baki ɗaya. A ƙofar wannan shagon aka harbe shi ranar 31 ga Maris, 2019, abin da ke tuna mana cewa aikin sulhu ba ya ƙarewa da zama ɗaya.

Idan taro ya watse, matasan da aka ba aiki su share layin a daren, a kuma biya kowa haƙƙinsa kafin ya tafi gida, ko da kaɗan ne. Cikin mako guda kwamiti ya zauna a bainar jama'a a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, dala bayan dala. Ragowar a ajiye ta a asusun da sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire, kuma zai fi kyau a buɗe shi a bankin da ke ba 'yan unguwa rance, irin su Carver da aka kafa a unguwar Harlem ta New York a 1948 ko Ponce da aka kafa a Bronx a 1960. A wannan zaman ne za a tsayar da ranar taro na gaba, a kuma zaɓi matashi ɗaya da zai riƙe littafin lissafi tare da ma'aji domin ya koyi aikin.