Yadda Za Ka Gane Ko Magani Zai Haura Shingen Ƙwaƙwalwa

Direban adaidaita sahu da ya sha Piriton saboda murar hunturu ya san yadda gyangyaɗi ke fizgarsa a danjar Ƙofar Nasarawa. Abokinsa da ya sha loratadine kuwa garau yake wuni. Dalili shi ne Piriton na haura shingen ƙwaƙwalwa, loratadine kuwa da ƙyar. Shingen kuwa shi ne ƙwayoyin bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da ke manne gam, babu kafa tsakaninsu. Galibi maganin da zai shiga sai ya narke cikin maiƙon fatarsu. Ɗalibin harhaɗa magunguna na Jami'ar Bayero, ga yadda za ka auna.

Da farko nemi logP na maganin, wato ma'aunin yadda yake son maiƙo fiye da ruwa. Ana zuba shi a kwalba mai ruwa da oktanol (wani sinadari mai kama da mai), a girgiza, a bari su rabu kamar man gyaɗa a kan ruwa, a duba inda ya fi taruwa. Idan logP 2 ne, abin da ke cikin man ya ninka na ruwan sau 100, kuma a kusa da nan magungunan ƙwaƙwalwa suka fi dacewa. Kada ka ɗauka yawan son maiƙo riba ne. In ya wuce kima sai maganin ya maƙale wa furotin na jini, ya laɓe a kitse, hanta ta yi saurin rushe shi.

Sai girman ƙwayar maganin da cajin lantarkinta. Wanda nauyinsa ya haura dalton (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) 400 zuwa 500 da wuya ya ratsa. Maganin neostigmine na ɗauke da caji na dindindin, don haka a waje yake tsayawa, ɗan'uwansa physostigmine kuwa, da ba shi da irin wannan caji, ya shige.

Na uku shi ne inda ɗalibai suka fi tuntuɓe: mai gadi. Loratadine fa mai son maiƙo ne sosai, amma furotin P-glycoprotein na tsaye a bango, da ya leƙo sai ya mayar da shi cikin jini. Haka yake yi wa loperamide na gudawa.

Duba kuma ko yana da ƙofar kansa. Dopamine, sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa, ba ya shiga, levodopa kuwa, wanda jiki ke juyawa ya zama dopamine, hanyar amino asid (tubalan furotin) yake bi.

Daga ƙarshe kalli majiyyacin kansa. Lokacin zafi, idan sanƙarau ya kumbura rufin ƙwaƙwalwa, shingen na sassautawa, penisilin da ba ya shiga sosai a da sai ya samu hanya. Yaro na samun sauƙi, shingen na komawa yana rufewa, maganin da ke shiga na raguwa. Shi ya sa nake roƙon iyaye: don ya fara shan kunu, kada a tsayar da allurarsa sai kwanakin da likita ya rubuta sun cika.