Yadda za ka hana PostgreSQL rubutu a kan tsofaffin fayilolin WAL

Duk canjin da aka yi a rumbun bayanai na PostgreSQL, sai an fara rubuta shi a kundin WAL (Write-Ahead Log, wato kundin da ake fara rubutawa) kafin ya shiga teburi. Kundin yana cikin folda mai suna pg_wal, an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace megabait 16. Duk minti 5, ko idan kundin ya doshi gigabait 1, sai rumbun ya yada zango, ya kwashe abin da ke ƙwaƙwalwa ya zuba a faifai. Wannan zangon shi ake kira checkpoint. Da an kammala shi, gunduwoyin baya sun gama amfani a wurin PostgreSQL, sai ya goge su ko ya sake musu suna ya rubuta sabo a kai. Ranar da odita ya nemi ganin yadda asusu yake a daren ƙarshen wata, sai a tarar babu abin nunawa.

Maganinsa shi ne kada gunduwa ta bar pg_wal sai an kwafe ta wani wuri. A fayil ɗin saituna, postgresql.conf, ka sa:

wal_level = replica
archive_mode = on
archive_command = 'test ! -f /ajiya/wal/%f && cp %p /ajiya/wal/%f'
archive_timeout = 300

A nan %p shi ne hanyar gunduwar da za a kwafa, %f kuma sunanta. Sai ka kashe sabar ka kunna, domin archive_mode ba ya kamawa sai da hakan. Kada ka cire "test ! -f" ɗin nan, shi ke hana a danne fayil ɗin da ya riga ya shiga ajiya, musamman idan sabobi biyu suna zuba nasu wuri ɗaya bisa kuskure. Shi kuwa archive_timeout yana tilasta rufe gunduwa duk daƙiƙa 300 ko ba ta cika ba, muddin an yi wani rubutu a tsakani, amma girmanta na nan megabait 16, don haka idan ka rage lokacin sosai ajiya za ta cika da wuri. Sannan cp ba ya tabbatar da cewa fayil ya sauka a faifai kafin ya ce ya gama. Inda ake yawan ɗauke wuta, gara ka yi aiki da manhajojin ajiya irin su pgBackRest ko Barman. Ajiyar kuma ta kasance a wata na'ura dabam.

Yanzu ka ɗauki cikakken kwafi da pg_basebackup. Kundin WAL ba ya komai shi kaɗai sai an ɗora shi a kan kwafin da ya girme shi, kuma gunduwa ɗaya ta ɓace a tsakani, farfaɗowa a nan za ta tsaya cak.

Idan lokacin kafa alamar bincike ya yi, wato gurbin da za a iya mayar da rumbun gare shi daga baya, misali bayan rufe asusun wata, bi wannan jeri:

SELECT pg_create_restore_point('karshen_maris');
CHECKPOINT;
SELECT * FROM pg_control_checkpoint();
SELECT pg_switch_wal();

Umarnin farko zai ba ka lambar LSN, wato daidai gurbin alamar a cikin kundin. Ka miƙa ta ga pg_walfile_name don sanin gunduwar da ke ɗauke da ita. Na ƙarshe yana rufe gunduwar ta tafi ajiya nan take. Da ta isa, ka fitar da hatiminta da sha256sum, ka rubuta shi tare da LSN, sunan fayil da lokaci a wajen rumbun, inda mai kula da rumbun ba zai iya gyarawa ba. Daga nan ka kulle fayil ɗin da chattr +i, ko Object Lock idan a S3, ma'ajiyar Amazon ta intanet, kake ajiya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne lokacin da kwafe gunduwa zuwa ajiya ya gaza. PostgreSQL ba zai goge komai ba, zai yi ta sake gwadawa, pg_wal na kumbura har faifai ya cika sabar ta tsaya. A nan ne wasu ke ruɗewa su share fayiloli da hannu, su lalata rumbun gaba ɗaya. Kada ka taɓa su. Gyara hanyar ajiyar, zai kwashe su da kansa. Ka riƙa duba failed_count, wato adadin gazawar kwafewa, a pg_stat_archiver, ka sa ƙararrawa idan ya motsa.

WAL ba ya nuna wanda ya leƙa bayanai, canje-canje kawai yake riƙewa. Idan ana son sanin wa ya karanta me, sai ka ɗora pgAudit.

Duk wata uku, ka gwada a wata na'ura: ka sauke cikakken kwafin, ka saita restore_command (umarnin ɗauko gunduwoyi daga ajiya), ka sa recovery_target_name = 'karshen_maris', ka ƙirƙiri fayil ɗin recovery.signal, ka kunna, sannan ka gwada jimillar asusun da wadda aka sa wa hannu a ranar rufewa.