Kurakuran da ake yi wajen auna ko sabon gini ya dace da cikin birnin Kano

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya a fuskar ginin kawai. Mutum ya ɗora bene hawa huɗu da bulo, ya kafa zankwaye a kusurwoyi, ya shafa fenti ruwan ƙasa, sai a ce ai ya bi tsarin gargajiya. Ina! Tsawo ake fara aunawa. A tsaya a lungu a kwatanta shi da gidaje biyar na dama da biyar na hagu, sannan a ja da baya a duba ko ya tare Dutsen Dala. Dubi Agadas, wadda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013: kwarjinin hasumiyar masallacinta, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, ya dogara ne ga gidajen da ke kewaye da ita, waɗanda ba su yi mata kishiya ba.

Na biyu, kuma shi ya fi ɓarna, ba a tambayar inda ruwa zai bi. Gidan ƙasa yana da indararo mai cilla ruwa nesa da bango. Rufin kwano kuwa, in ba a yi masa magudana ba, sai ya riƙa zuba ruwan damina a gindin katangar maƙwabci. Tubali ya jiƙe daga ƙasa, gindin ya zaizaye, wata rana cikin Agusta bangon ya zauna. Kafin a amince da zane, a nemi a ga inda kowane bututu ya ƙare. Haka yaɓen siminti a kan ginin ƙasa: ga ido tsaf, amma yana kulle laima a ciki har ya ɓamɓare da naman bangon. Makuba ko laso, wato yaɓen gargajiya, ne maganinsa, ko da yake masu iya haɗa su sun yi ƙaranci. Cike kududdufi a yi gini a kai ma cikin wannan lissafin yake, don ruwan da kududdufin yake sha, cikin lungu zai koma.

Sai taga. Gidan Bahaushe a zaure yake tsayar da baƙo. Tagar bene da ke leƙa tsakar gidan maƙwabta ta rushe wannan tsari ko ba ta taɓa bulo ɗaya ba. A hau saman a duba da ido. In ana hango madafa ko igiyar shanya, a juya tagar ta kalli hanya, ko a ɗaga ta sama da kan mutum a tsaye.