Yadda za ka lissafa matsin da ƙarfe ke sha a kwamfuta, ka kuma karanta hotonsa

A Damagaram, saboda ƙarancin ruwa, gidaje da yawa sun ɗora tanki bisa ƙafafun ƙarfe. Ruwan tanki mai lita 1000 tan guda ne cur, kusan niyuton 9,810 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne). Da shi za mu yi misali a FreeCAD, manhajar zane ta kyauta wadda wata manhaja mai suna CalculiX ke yi wa lissafi.

Da farko ka zana ƙafafun da milimita. Idan tsawo da milimita ne, nauyi da niyuton, matsi zai fito da MPa, wato niyuton a kan kowace mm². Zaɓi ƙarfe: taurinsa 210,000 MPa, adadin Poisson (yadda yake kumbura ta gefe in an danne shi) 0.3. Kafe gindin ƙafafun huɗu, ka baza nauyin a duk inda tankin ke zama, ban da tara shi a ɗigo ɗaya. Sai manhajar Gmsh ta yanyanka zanen ƙananan yankuna ya zama raga, ka sa lissafi.

Kafin ka kalli launi, tara ƙarfin da gindin ya mayar. In bai zo daidai da 9,810 ba, koma baya. Ɗauki biro kuma: bututu 40×40×2 yana da faɗin yanka 304 mm², kowace ƙafa na ɗauke da kusan niyuton 2,450, wato 8 MPa. Tsakiyar ƙafa a allo ta nuna kusa da haka.

Yanzu buɗe von Mises, hoton da ke haɗa matsin kowane wuri ya zama adadi ɗaya. Nan ake yawan ruɗewa. Manhajar kan shafa ja a adadi mafi girma ko da 20 MPa ne, alhali ƙarfen gini samfurin S235 sai matsi ya kai 235 MPa yake fara lanƙwasa dindindin. Gyara ma'aunin launin da hannunka, ja ya tsaya a 235. Lanƙwasar da kake gani ma an zuzuta ta ne don ido ya kama.

Shi matsin a cikin kowane yanki ake lissafa shi, a wasu zaɓaɓɓun wurare da ake kira ɗigogin Gauss, sannan a miƙa shi mahaɗan ragar a raba daidai. Don haka girman yankunan na shafar amsar: ka ƙara wa ragar laushi, yankunan su ƙanƙance, ka sake. Adadin da ya zauna, ka yarda da shi. Wanda ke ta hawa a kusurwa mai kaifi ko a bakin kafi, ba zai tsaya ba, sharrin zane ne. Karanta ɗan nesa da wurin, ko ka zana waldar yadda mai walda zai cika ta.

Doguwar siririyar ƙafa takan gantsare tun matsi na ƙasa, von Mises kuwa ba ya nuna wannan. Yi mata lissafin gantsarewa daban, ka haɗa da iskar farkon damina da ke bugun tankin ta gefe.