Darasi na Tara: Harsashin Gasa da Harsashin Farauta

A Amurka da Kanada da Ingila akwai wata dabbar dawa da Bahaushe zai kira barewa, ko da yake yawancin irinta sun fi barewarmu girma. Namijin yana da ƙaho mai rassa kamar itace, yana zubar da shi kowace shekara, sabo ya tsiro. Farautarta tana da lokaci, tana da lasisi, tana da doka. Maharban can sun daɗe suna ja-in-ja a kan magana ɗaya: shin ya dace mutum ya shiga daji da harsashin da aka ƙera don gasar harbi? A kan wannan za mu yi karatun yau. Ku bi shi sannu a hankali, kalma bayan kalma.

Yadda aka ƙera su

Harsashin bindigar da ake farautar barewa da ita yawanci abu biyu ne a haɗe: dalma a ciki, rigar jan ƙarfe a waje. Idan aka ɗora maka na gasa da na farauta a tafin hannu, da wuya ka bambance su. Tsawonsu kusan ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, nauyinsu ma yana iya zuwa ɗaya. Wani sanannen harsashin gasa, wanda kamfanin Sierra na Amurka yake yi da sunan MatchKing, akwai mai nauyin giram 11 ba kaɗan a cikinsa, kuma akwai na farauta masu kusan wannan nauyin.

To ina bambancin yake? Yana wajen aikin da aka yi kowanne dominsa. Na gasa aikinsa ya ƙare da zarar ya huda takardar da ake kafawa a harba a wajen gasa. Abin da ake nema a gare shi kawai ya tashi sak, ya faɗa inda ɗan'uwansa ya faɗa. Saboda haka ake yi masa riga siririya, mai kauri ɗaya ta kowane gefe. Abin da zai same shi bayan ya wuce takardar bai dami maƙerinsa ba.

Na farauta kuwa sai ya taɓa fata aikinsa yake farawa. An yi shi ne yadda bakinsa zai buɗe kamar malafa, gindinsa ya tsaya a dunƙule yana tura shi gaba, ya ratsa nama da ƙashi har ya kai huhu da zuciya. Maharbin da ya ciro irin wannan daga jikin dabba yakan same shi a maƙale ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, kansa ya baje, rigar ta naɗe baya, dalmar tana nan ba ta rabu da ita ba. Harsashin da ya yi haka ya yi aikinsa, dabbar kuma ba ta daɗe tana shan wuya ba.

Ramin da yake ruɗin mutane

A nan nake so ku tsaya sosai. Idan ka kai harsashin gasa kusa da ido, za ka ga ɗan rami a tsininsa, kamar kafar allura. Mutane da yawa suna ganinsa su ce, ai wannan mai buɗewa ne. Ba haka ba ne. Ramin saura ne na ƙira: ta gaba ake cusa dalmar cikin rigar, sannan a matse bakin ya zama tsini, sai ɗan wurin da bai rufe ba ya rage. Ba don nama aka bar shi ba.

Shi ya sa ba a san halinsa idan ya shiga jiki. Yau ya wuce fit kamar tsinke, ya bar ƙofa ƙarama ta shiga, ƙarama ta fita, jini bai zuba ba balle a bi sawu. Gobe ya daki allon kafaɗa ya tarwatse a nan, ya yi mummunan rauni a waje alhali bai kai ciki ba. Jibi kuma ya kayar da dabbar nan take, maharbi ya koma gida yana yabonsa. Wannan na ukun shi ne abin da yake riƙe masu gardama, kuma ba ƙarya suke yi ba, an kashe barewa da yawa da harsashin gasa. Amma ni ina tunanin ta farko da ta biyu: dabba ta shige duhuwa da karyayyar kafaɗa, ta kwana biyu ko uku tana ja kafin rai ya fita, naman ya zama mushe, babu wanda ya amfana sai ungulu. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Masu son na gasa sukan ce ya fi saiti. Gaskiya ne. Sai dai wurin da ake nema a ƙirjin barewa ya kai kusan faɗin faifai, kuma a daji mai duhu sau da yawa tazarar ba ta kai mita 100 ba. A irin wannan tazara, fifikon saitin bai wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba.

Abin da ya faru da John Nosler

A shekarar 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya je farauta lardin British Columbia na ƙasar Kanada. Ya harbi wata ƙatuwar barewa da ake kira mus, mai girman doki, kafaɗarta duk busasshen taɓo. Harsashinsa ya kasa shiga yadda ya kamata. Da ya koma gida sai ya ƙera sabo mai katanga a tsakiya: gaba ya buɗe, baya ya tsaya cik. Ya sa masa suna Partition, ya kafa kamfani a 1948, har yau ana sayar da shi.

Karanta kwali, karanta doka

Su kansu maƙeran ba su ɓoye komai ba. Sierra ya faɗa a fili cewa bai ba da shawarar a yi yawancin farauta da MatchKing ba, yana da wani dabam mai suna GameKing don wannan aiki. Kamfanin Hornady yana da ELD Match na gasa, wanda ake taƙaitawa ELD-M, da ELD-X na farauta. Ku dubi waɗannan sunaye biyu da kyau. Harafi ɗaya ne kawai ya raba su, M da X. Wanda bai iya karatu ba, ko ya iya amma ya yi garaje, zai ɗauki wannan a maimakon wancan.

Hukuma ma ta sa baki. A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta ce dole harsashi ya zama mai taushin baki ko mai rami a baki, kuma ga manyan barewa faɗinsa kada ya gaza inci 0.240. Dokar Sukotland ta fi fito da manufar fili: ta ce ya zama wanda aka ƙera don ya buɗe ta hanyar da aka san zai buɗe. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, tun 1 ga Yuli 2019 aka hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, maharba suka koma ga na jan ƙarfe zalla.

Maharbanmu na gida ba irin waɗannan bindigogi suke riƙewa ba, kuma a Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba tare da lasisi ba. Amma tsohon maharbi zai gane maganar nan da nan, don ya san baƙin cikin bin sawun jini har magariba ta yi, a dawo hannu rabbana. Malamai kuma suna karantar da hadisin da ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa.

Aiki

1. Da me ake yin cikin harsashi, da me ake yin rigarsa?
2. Ramin da ke tsinin harsashin gasa, daga ina ya samo asali?
3. Rubuta M da X a allo sau biyar-biyar, ka faɗi wanne ne na gasa, wanne ne na farauta.
4. Kafin darasi na gaba, kowa ya zo da kwali ko leda na wani kayan aiki daga gida, ko na maganin feshi, ko na taki, ko na batir. Za mu nemo layin da ya faɗi abin da aka yi shi dominsa, mu karanta shi tare da babbar murya.