Haɗa AC na ciki da na waje daga kamfani daban-daban: inda zai yi da inda za ka yi asarar kuɗinka

Duk shekara da an shiga bazara, daga Maris zuwa Mayu, tambayar nan ba ta wucewa: na waje na AC ɗina ya mutu, mai gyara ya ce yana da wani na hannu a shago amma na wani kamfani ne, in saka ko kar in saka? Toh gaskiya yana iya yi kuma yana iya ƙin yi, kuma abin da zai raba gardama shi ne 'yar takardar nan da aka manna a gefen na'urar, mai ƙananan rubutu, wadda yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun karanta ba. Dama can ba kowane kamfani ne yake ƙera kwamfiresonsa ba, wato injin da ke cikin na waje mai matsa gas yana zagaya da shi, ka buɗe na waje iri-iri sai ka tarar GMCC ne ko Highly ko Rechi a ciki, sunan jikin murfi kawai ya bambanta. Don haka kafin ka ba wa kowa ko sisi, ɗauki wayarka ka je ka ɗau hoton takardar na ciki, ka fita ka ɗau ta na waje, sannan ka ce mai gyara ya turo maka hoton ta wanda yake so ya kawo.

Abu na farko da za ka duba, inbata ne ko ba inbata ba, wato irin AC ɗin da kwamfiresonsa ke rage gudu ko ya ƙara maimakon ya mutu ya sake tashi. In ɗaya daga ciki inbata ne toh magana ta ƙare a nan, kar ka bari a fara. AC mai inbata yana da fanel, wato allon lantarki mai sarrafa na'urar, a ciki yana da fanel a waje, kuma akwai waya guda a tsakaninsu wadda suke aika wa juna saƙo ta cikinta, na ciki ya ce ɗaki ya kai kaza, na waje ya rage gudun kwamfireso ko ya ƙara, kuma kowane kamfani da irin saƙonsa, wani lokacin ma kamfani ɗaya ne amma samfurin daban sai su ƙi fahimtar juna. Tamkar ka haɗa Babarbare da Bayarabe a ɗaki ba tafinta ne. Za ka kunna, fanka ta juya 'yan mintoci, sai lamba ta fito a fuska: LG zai nuna maka CH05, Panasonic H11, Daikin U4, Gree kuma E6, duk ma'anarsu ɗaya, na ciki ba ya jin na waje. Akwai fanel na gama-gari da ake sayarwa wanda ake cire na ciki da na waje duka a saka shi, na san wasu injiniyoyi suna yi kuma yana tashi, amma ni ba na ba da shawararsa sai in ba yadda za a yi, domin ƙarancin shan wutar da ya sa ka sayi inbatan tun farko, musamman in sola kake amfani da ita, ba lallai ka sake samunsa yadda yake ba.

In duka biyun irin na da ne, wanda kwamfireso ke tashi ya mutu ya sake tashi, toh a nan akwai hanya, don aikin na ciki kawai shi ne ya tura wuta waje in ɗaki ya yi zafi ya yanke in ya yi sanyi. Sai ka dawo kan ƙarfi. Kar ka tsaya ga bakin mai sayarwa da zai ce maka "Alhaji wan an haf ne wallahi", wato doki ɗaya da rabi, duba BTU a takardar, shi ne ma'aunin ƙarfin sanyayawa. Doki ɗaya wajen 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, doki biyu 18,000. Su zo daidai. In na waje ya fi ƙarfin na ciki, ƙanƙara ce za ta riƙa taruwa a jikin na ciki, ruwa na ɗiga a bango, gas yana komawa kwamfireso yana ruwa-ruwa har ya kashe shi, in kuma na waje ne ƙarami sai ya wuni yana aiki ba hutu ɗakin kuma bai yi sanyi ba, kuɗin wuta na tafiya a banza.

Sai gas, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Tsofaffin AC R22 suke sha, sababbi R410A ko R32. Bambancin ba na suna ba ne kawai, R22 in yana aiki agogon auna matsi na mai gyara zai nuna wajen 60 zuwa 70, R410A kuwa yana haura 110, kaga matsin ya kusa ninkawa, tsohon na ciki da aka yi shi don R22 in ka ɗora masa wannan matsin, wuraren walda ne za su fara yoyo. Ga kuma mai, kowane kwamfireso akwai mai a cikinsa yana zagayawa tare da gas, na R22 daban na R410A daban kuma ba sa shiri, ragowar tsohon man da ya kwanta a bututu yana iya toshe siririn bututun nan da ke cikin na waje. Shi R32 matsinsa ya yi kusa da na R410A shi ya sa wasu ke cewa ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, yana iya kama wuta kuma ya fi ɗumama kwamfireso. Abin da aka rubuta a jikin na waje shi za a zuba, shi kaɗai, ba gauraye. In ka ji mai gyara ya ce "bari in ɗan ƙara masa wannan a kai", ka ce masa malam dakata. R22 ɗin ma ana kan hanyar daina shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe irin namu zuwa 2030, don haka in za ka kashe kuɗi mai nauyi a kan tsohon R22 ka yi lissafi sau biyu.

Ga masu son na Kwatano, a duba wuta da kyau. Tamu bolt 230 ce, 50Hz. Na Japan akwai masu 100, na Amurka akwai masu 115 da 60Hz. Ka kuma nemi T1 ko T3 a takardar, T1 an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 har 52, wanda yake Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da Afrilu ke yi da rana tsaka, kwamfireso zai yi ta yankewa daidai lokacin da ka fi buƙatarsa.

Bututu ba matsala ba ce sosai. Ƙananan AC yawanci inci 1/4 da 3/8 ne, manya 1/4 da 1/2, in bakin bai zo ɗaya ba akwai mahaɗi da ake sayarwa, amma in ka ga bambancin ya yi yawa toh alama ce ƙarfinsu ma ba ɗaya ba ne, koma ka sake duba BTU. Waya ce ke buƙatar natsuwa. Lamba 1, 2, 3 na wannan kamfanin ba lallai su zama 1, 2, 3 na wancan ba, zanen wayoyin yana manne a bayan murfi, a bi shi. Wasu wuta ta ciki take shiga ta tafi waje, wasu kuma musamman daga doki biyu ta waje take shiga, in haka ne sai an saka kwantakta, wato makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar kwamfireso, don kar fanel ɗin ciki ya ƙone.

Ƙananan kaya kuwa ba ruwansu da sunan kamfani ko kaɗan. Kafasita, 'yar gwangwanin nan mai taimaka wa kwamfireso tashi, wadda ita ce ta fi mutuwa saboda wutar nan tamu mai hawa da sauka, lambar µF ɗinta ta zo daidai da tsohuwar, in 35 ce a saka 35, bolt ɗin kuma daidai ko sama, 450 ya yi. Sau da yawa ma AC ɗin da aka ce kwamfireso ya mutu kafasita ce kawai ta kumbura, ka sa a gwada ta tukuna kafin a fara yi maka lissafin na waje sabo, kuma dan Allah kar ka taɓa bakinta da hannu ko an ɗauke wuta, tana riƙe caji. Motar fanka a duba gudunta da kaurin sandarta da ɓangaren da take juyawa, na ga inda aka saka mai juyin baya tana zuƙo iska maimakon ta fitar. Sansa, mai gaya wa fanel yawan zafi, a auna ta, akwai mai 5k akwai 10k akwai 15k, in aka saka wadda ba ita ba fanel zai riƙa karanta zafin ƙarya. Rimot na gama-gari kuwa saya kawai ka nemo lambarsa.

Ranar haɗawa ka tsaya a wajen, ko ka sa wani ya tsaya. In kwamfireso ƙonewa ya yi, man ya zama baƙi mai wari ya bar guba a bututu, sai an wanke na ciki an hure da naitirojin, bututun kuma in da hali a canza sabo. Naitirojin fa, ba iskar 'yan walda ba, oksijin in ya haɗu da mai fashewa yake yi kuma yana kisa. A yanke bakin bututu a yi sabon baki, a ɗaura injin bakyum ya zuƙe iska da danshi aƙalla minti 20, wannan buɗe gas a yi "fuuu" a ce an kori iska da yawancin yara ke yi bai wadatar ba, ballantana ga R410A da mansa ke shan danshi. A shafa kumfar sabulu a kowane mahaɗi. Gas a auna da sikeli gwargwadon giram ɗin da ke rubuce, in bututun ya wuce mita 5 a ɗan ƙara. Bayan ya yi kamar minti 15 yana aiki ka ce a maƙala mita a waya ka ga amfiya, wato yawan wutar da yake ja, da idonka, kar ta haura abin da takarda ta ce, babban bututu kuma ka taɓa ka ji shi da sanyi yana gumi, ba ƙanƙara ba.

Ka sani duk garantin da ya rage ya tafi daga ranar da aka yi wannan haɗin, don haka ku yi magana da mai gyara tun farko, za ka riƙe wani abu a cikin kuɗin aiki sai AC ɗin ya kwana biyu uku yana aiki da rana tsaka, don gwajin yamma ko bayan ruwan sama kowane AC sanyi yake yi. Tsohon na wajen kuma kar ka bari a ɗora a Keke Napep a tafi da shi a matsayin shara, akwai jan ƙarfe a ciki, 'yan gwangwan suna saye da kuɗi mai kyau, ko dai ka sayar da kanka ko a cire kuɗinsa daga cikin lissafi.