In takunkumin oksijin ya faɗo a jirgi, ga abin da za ka yi

Yawancinmu da ma'aikaciyar jirgi ta miƙe tana nuna yadda ake saka takunkumin nan mai ruwan ɗorawa, sai kowa ya duƙufa kan wayarsa, ni ma ban cire kaina ba. To amma a duk bayanin da take yi wannan ne wurin da lokaci ya fi ƙuracewa, don sakan-sakan ake magana ba minti ba.

Jirgin fasinja yana tafiya ne a wajen ƙafa 35,000, a can sama iska ta yi sirara sosai, sanyin waje kuma yana kaiwa digiri 50 ƙasa da sifiri. Abin da ya sa kake zaune lafiya kana hira shi ne ana ta cusa iska cikin jirgin ana matse ta, jikinka yana ji kamar kana kan tsauni mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000 ne kawai. In taga ta fashe, ko jikin jirgin ya ɓule, ko na'urar da ke daidaita iskar ta samu matsala, iskar ciki sai ta fice. A tsayin ƙafa 35,000 mutum yana da kamar sakan 30 zuwa 60 yana cikin hankalinsa, in kuma fitar iskar farat ɗaya ce to ka raba wannan biyu.

Kuma abin da ke sa lamarin ya zama mugu shi ne ƙarancin oksijin ba ya ciwo. Ba za ka ji an shaƙe ka ba, numfashi kake yi yadda ka saba, sai dai kai ya yi nauyi, hannu ya ƙi bin umarni, leɓe da farce su sauya launi, wani ma daɗi zai riƙa ji kamar komai lafiya lau har ya sume bai sani ba. Haka ya faru da jirgin kamfanin Helios a watan Agustan 2005, ya tashi daga Larnaka a ƙasar Cyprus, iskar ciki ba ta matsu ba tun daga tashi, matuƙan ba su gane me ƙararrawar gargaɗin da ta kaɗa ke nufi ba har suka suma, jirgin ya yi ta tuƙa kansa har mai ya ƙare ya faɗi kusa da Atina, babban birnin Girka, mutum 121 babu wanda ya fita.

Don haka da ka ga murfin saman kanka ya buɗe takunkumi ya sauko yana lilo, kar ka tsaya waige-waige ko tambayar na kusa da kai me ya faru. Kama takunkumin da ya fi kusa da kai ka fizgo shi ƙasa da ɗan ƙarfi, wannan fizgar ce ke kunna iskar, in ba ka ja ba a jirage da yawa babu abin da zai fito. Ɗora shi ya rufe hanci da baki duka biyun, ka zagaya robar ta bayan kai, ka ja bakin igiyoyin gefe ya kama fuska sosai. Maganar hanci ɗin nan ba wasa ba ce, a hotunan da aka ɗauka cikin jirgin kamfanin Southwest na Amurka a Afrilun 2018 da tagarsa ta fashe, za ka ga mutane da dama sun rufe baki kawai hanci na waje, rabin aiki kenan.

Sai ka saka naka sannan na yaro. Na san wannan yana yi wa iyaye nauyi, musamman uwa, hannunta da kansa zai tafi wajen ɗan, amma ki duba, in kika tsaya kokawa da yaro yana kuka yana ture abin kika suma, wa zai saka muku ku biyun? Yaron da ya sume na ɗan lokaci yana farfaɗowa da oksijin ya shige shi. A jirgi ana sa takunkumi ya fi yawan kujerun, saboda masu jarirai a cinya.

Ledar da ke rataye jikinsa ba lallai ta kumbura ba, kar ka ce ya lalace ka cire, iska na zuwa. Za ka iya jin warin ƙuna da ɗan zafi daga sama, wannan sinadarin da ke samar da oksijin ɗin ne yake zafi in ya kama aiki. Hazo ma yakan cika jirgin kamar hayaƙi, ga sanyi, ga ƙara, kunne kuma kamar zai fashe, ka riƙa haɗiyar yawu kana hamma.

Daga nan jirgin zai sunkuyar da kai ya yi ƙasa da sauri, a nan ne ake fara salati da ihu, alhali matuƙin ne da kansa ke sauko da shi zuwa wajen ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba sai da takunkumi ba. Oksijin ɗin fasinja kamar na minti 12 zuwa 20 ne, ya ishi saukowar. In ka ji shiru babu sanarwa kar ka ce sun manta da ku, su ma nasu takunkumin ne a fuska suna magana da masu kula da zirga-zirgar sama.

Bel ɗin kujera kuwa ka bar shi a ɗaure ko da fitilar da ke nuna a ɗaura shi ta mutu. A Janairun 2024 wani ɓangaren jikin jirgin kamfanin Alaska ya ɓalle jim kaɗan da tashinsa daga Potland a Amurka, iska ta zuƙe wayoyi har da rigar jikin wani yaro, babu wanda ya mutu, kujeru biyun da ke daf da ramin ma babu kowa a kai. In kana bayi ko kana tsaye a hanya abin ya faru, kar ka ce sai ka koma kujerarka, a bayi ma akwai takunkumi a jirage da yawa, a hanya kuma ka kama duk takunkumin da ka gani ba mai shi, ka zauna inda ka samu ka riƙe wani abu. Kar ka cire takunkumin sai ma'aikatan jirgi sun ce a cire, in kuma bayan sauka kunnenka bai daina ciwo ba ko kana jiri, ka gaya musu a duba ka kafin ka bar filin jirgi.